Zuru: Tarihin Gari da Wuraren Ziyararsa a Kudancin Jihar Kebbi

Garin Zuru yana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, a inda ƙasar jihar ta kutsa tsakanin Zamfara da Neja, kuma shi ne mazaunin sarkin masarautar da ake kira da sunansa. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, amma a tsarin sarauta ta kasu gida biyar, waɗanda su ne Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Matafiyin da ya taso daga Birnin Kebbi yakan biyo ta Koko da Mahuta da Dabai, wanda ya taso daga kudu kuma yakan shigo ta Kwantagora da Rijau. Ko ta ina aka ɓullo, ana ganin bambancin ƙasar da arewacin jihar, domin ruwan sama ya fi yawa a nan, damina ta fi daɗewa, kaɗanya da ɗorawa sun fi kauri, sa'annan duwatsu da tuddai sun yi wa garuruwa da gonaki ƙawanya.

Waɗannan duwatsu su ne mabuɗin tarihin yankin. Mafi rinjayen mazauna garin Zuru da kewayensa su ne al'ummar da Hausawa suke kira Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, kuma suna zaune tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da Fulani da Hausawa. A ƙarni na 19, lokacin da Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, shi da ɗansa Ibrahim suka riƙa kai hare-haren neman bayi a ƙasashen da ke maƙwabtaka da su, mutanen wannan yanki sun dogara da ƙauyukan da suka gina a kan tuddai, inda doki ba ya iya hawa da sauri, baka da kibiya kuma suke da fifiko a kan mashi. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kwantagora a 1901, aka shigar da ƙasar cikin mulkinsu, kuma sannu a hankali jama'a suka riƙa saukowa zuwa filayen noma. Zuru ta daɗe a cikin Lardin Neja, sai a 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, daga bisani ta faɗo cikin Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991.

Juriyar da zaman dutse da aikin gona suka koya wa samarin ƙasar ita ce ta sa Turawa suka riƙa ɗaukarsu aikin soja da yawa, har aikin ya zama gado a gidaje masu yawa. Daga wannan ƙasa aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Kaduna, da kuma Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya mulki Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya hau gadon sarautar Zuru da laƙabin Sami Gomo na Biyu, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2025. A fannin addini, Musulmi da Kiristoci da masu bin addinin gargajiya sukan fito daga zuriya guda. A fannin ilimi kuwa, tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta garin ita ce aka mayar Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020.

Kafin a duba wuraren ziyarar Zuru, yana da kyau a kwatanta da wani wuri: yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum ko iyali suke yi domin hutu da ganin abubuwan ban sha'awa, ya zama babbar sana'a a kudancin Afirka, inda aka gina shi a kan namun daji. Gandun Kuruga na Afirka ta Kudu, wanda aka ayyana shi gandun ƙasa a 1926, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, kuma an shimfiɗa hanyoyi a cikinsa, an gina masaukai masu shinge, ta yadda magidanci zai iya tuƙa motarsa tare da matarsa da 'ya'yansa su ga giwa da zaki da karkanda ba tare da fargaba ba. Zuru ba ta da gandu irin wannan. Mafi kusa da ita su ne Gandun Tafkin Kainji, wanda aka samar ta hanyar haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 5,000, da Gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari. Abin da Zuru take da shi na kanta wani iri ne dabam, domin a nan dabbar daji ta wanzu ne a cikin al'adar mutane, a wurin bautarsu da kuma kan kaburburansu.

Misali mafi bayyana shi ne Girmace, wani kurmi mai manyan itatuwa da ruwa da ke garin Zuru, wanda kadoji suke zaune a cikinsa. Masu bin addinin gargajiya suna ɗaukar wurin a matsayin mai tsarki, suna kai roƙonsu a can, kuma al'ada ta hana a taɓa kadojin ko a sare itatuwan, abin da ya sa kurmin ya tsira a daidai lokacin da gatari da garma suka cinye dazuzzukan da ke kewaye da garin. Masana muhalli suna ɗaukar irin waɗannan kurmi a matsayin tsohuwar hanyar kare halittu, wadda tsoron haramci yake tsaronta maimakon ma'aikacin gandu mai bindiga.

Misali na biyu shi ne tukwanen kabari, wato sassaƙe-sassaƙen yumɓu da mata magina suke yi ana kafawa a kan kaburburan manyan mutane. Akwai masu siffar giwa, akwai masu siffar dabbobin dawa masu ƙaho, akwai kuma na mahayi bisa dabbarsa, kuma siffar da aka ɗora takan nuna matsayin mamacin, ko sarki ne, ko gwanin farauta, ko shahararren ɗan kokawa, ko babban manomi. Da yawa daga cikin waɗannan tukwane sun fice daga ƙasar, suna ajiye a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka, lamarin da ya ƙara wa gidan adana kayan tarihi na Zuru muhimmanci. A ƙasar Sakaba kuma akwai Karishen, tsohon mazaunin Acifawa da ke kan dutse, inda har yanzu ake iya fahimtar yadda aka tsara zaman tudu a zamanin yaƙe-yaƙe.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyarar iyali shi ne na bikin Uhola, wanda ake yi da rani bayan an kammala girbi domin godiya ga Ubangiji a kan amfanin gona. Bikin yana da alaƙa da golmo, wato aikin gona da saurayi yake yi tare da tsararrakinsa a gonar surukinsa a madadin sadaki, wanda a al'adance yakan kai shekara bakwai, domin a lokacin Uhola ne ake shaida cewa yara sun girma sun isa shiga wannan mataki. A da kowane gari yana yin nasa, amma daga baya masarauta ta tsara babban taro guda a Zuru, inda ake haɗa raye-raye da kokawa da baje kolin dawa da masara da sauran amfanin gona. Duk da haka, Uhola bai sami irin sunan da bikin kamun kifi na Argungu ya samu ba, wanda aka fara a 1934, Hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Babban abin da ya tauye wannan fanni a shekarun baya-bayan nan shi ne rashin tsaro, domin 'yan bindigar da suke fitowa daga dazuzzukan Zamfara da Neja sun addabi ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba, sun tilasta wa manoma da yawa yin hijira zuwa cikin gari, kuma matsalar ta shafi gandun Kamuku da na Kainji. Darasin da ke cikin abin da kudancin Afirka ya cim ma shi ne cewa magidanci ba ya ɗaukar 'ya'yansa zuwa inda ba shi da tabbacin hanya da masauki da mai yi masa jagora, kome kyan abin da za a gani. Saboda haka, matakin farko ga Zuru shi ne tsaron hanyoyi da ƙauyuka, sa'annan tsayar da lokacin Uhola tun da wuri, da kula da Girmace bisa yardar masu riƙe da shi, da horar da matasan da suka san C'lela da Hausa su riƙa yi wa baƙi bayani. Baƙin farko da za a sa rai da su kuwa su ne 'ya'yan ƙasar da aikin soja da na gwamnati ya watsa a Kaduna da Legas da Abuja, waɗanda suke da dalilin kawo 'ya'yansu gida fiye da kowa.