Tsirran Daji da Mazauninsu a Tarihin Zangon Yamai

Unguwar Zongo tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Yamai, tare da Maourey da Kalley da Gaweye, kuma idan ana ba da tarihinta an fi ambaton goro da tufafi da dabbobi, wato manyan hajojin da suka sa Hausawa suka yi suna a fatauci. Sai dai akwai wata haja da ta daɗe tana shiga kasuwannin da ke kewaye da unguwar ba tare da marubuta sun ba ta muhimmanci ba, ita ce ta ganye da saiwa da sassaƙe da 'ya'yan itatuwan daji, waɗanda ake ci, ake magani da su, ake jima da rini da saƙa da su. Wannan sana'a ta tsaya ne a kan sanin mazaunin kowane tsiro, wato irin ƙasa da ruwa da yanayin da yake bukata kafin ya fito, saboda haka tarihinta ba ya rabuwa da tarihin dajin da ya kewaye birnin da kuma yadda dajin ya yi ta ja da baya.

Zango, a tsarin fataucin Hausawa, wuri ne da ayari ke sauka ya huta, wanda a hankali yakan zama unguwar baƙi mai sarkinta da limaminta da masu masauki da dillalai. Irin waɗannan zangunan sun bazu a kan hanyoyin da fatake ke bi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja a ƙarni na 19, inda wasu ayarin ke ƙetare kogin Kwara a Say su ratsa ƙasar Gurma zuwa kasuwar Salaga, ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su komo da goro. A wancan lokaci Yamai tarin ƙauyuka ce a bakin kogi, ba ta kai Say daraja ba, har sai da Faransawa suka kafa sansani a wurin a farkon ƙarni na 20 ƙarƙashin Kyaftin Salaman. An mayar da mazaunin mulki daga Yamai zuwa Damagaram a 1911, sannan aka dawo da shi Yamai a 1926 zamanin Gwamna Jules Brévié, kuma daga nan ne garin ya fara jan baƙi sosai, ciki har da mahauta da wanzamai da majema da masu magani daga ƙasar Hausa, waɗanda suka sami masauki a Zongo, kusa da kasuwar da Zabarmawa ke kira Habu Ganda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan masu sana'a ya zo da bukatarsa ta tsirrai, ya kuma tarar da Zabarmawa da Fulani waɗanda suka riga shi sanin inda tsirran suke a wannan yanki.

Yamai tana cikin yankin Sahel, inda ruwan sama na shekara ke kaiwa wajen milimita 500 zuwa 600, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da na Satumba. Irin wannan yanayi shi ke yanke hukuncin abin da zai rayu, shi ya sa dangogin bagaruwa da na geza da na anza, masu jure fari, suka mamaye dajin Yamai. Masu sana'ar tsirrai ba su rarraba daji bisa dangogi kamar yadda masana kimiyya ke yi, sun rarraba shi ne bisa ƙasa, kuma a kewayen Yamai ana iya bambanta mazauni huɗu: bakin kogi da fadamu, jigawa, fako, da kuma manyan kwaruruka da ake kira dallol.

A bakin kogi da tsibiransa, inda ruwa ke malala ya janye a kowace shekara, ake samun burgu, wata ciyawar ruwa mai zaƙin kara wadda ita ce abincin shanu a lokacin rani, da bado, wanda ake cin 'ya'yansa da tushensa, da giyayya, wadda ke son ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta na watanni. A laka mai riƙe ruwa bagaruwa ke yin kurmi, kuma 'ya'yanta su ne ginshiƙin sana'ar jima, domin da ruwansu ake jiƙa fata ta yi laushi ta daina ruɓewa. A jigawa kuwa, wato ƙasar rairayi da ake noman gero, gawo ne babban itace, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma tofo da rani ya ciyar da dabbobi. Tare da shi akwai aduwa da magarya da kalgo da sabara, sannan a ƙarƙashinsu, da zarar ruwa ya sauka, tafasa da gasaya da lalo da yoɗo kan fito da kansu a saura da gefen gonaki, yaɗiya kuma ta bi shinge ta naɗe.

Fako shi ne tudun marmara mai taurin ƙasa da ke saman kwarin kogin, inda ruwa ba ya nutsewa sai dai ya gangara. A nan itatuwa suna fitowa ne jeri-jeri, kurmi na biye da fili, fili na biye da kurmi, domin kowane jeri yana tare ruwan da ya gangaro daga filin da ke samansa, kuma geza da taramniya da sabara da anza su ne mafi yawa a cikinsa. Irin wannan daji ne ya rufe tudun Kure, gabas da Yamai, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke rayuwa. Dallol kuma tsofaffin hanyoyin ruwa ne da suka ƙafe tun zamani mai nisa, amma ruwan ƙasa bai yi zurfi a cikinsu ba, shi ya sa goriba ke yalwa a Dallol Bosso, giginya kuma ta yi babban kurmi a Dallol Mawri wajen Gaya. Daga goriba ake samun kaba ta saƙa tabarma da igiya, daga giginya kuma ake samun muruci da azara, wadda gara ba ta cika cin ta ba, kuma da ita aka rufe ɗakunan ƙasa masu yawa a tsofaffin unguwannin birnin.

Hanyar da waɗannan kaya ke bi kafin su isa hannun mai saye ta ƙunshi mutane iri-iri. Matan ƙauye su ne ke tsinkar ganyen miya da na kwaɗo da damina, su shanya shi a inuwa, su ɗure a buhu. Maharba da makiyaya, waɗanda suka fi kowa ratsa daji, su ne ke kawo saiwa da sassaƙe. Sannan a gari akwai boka da 'yar mai ganye da ungozoma da wanzami, kowa da ɓangaren da ya ƙware a kai. Shimfiɗar mai magani a kasuwa takan ƙunshi ƙulle-ƙullen saiwa da aka yanka daidai tsawon yatsa aka ɗaure da kaba, da jan sassaƙen maɗaci mai tsananin ɗaci, da ganyen sabara mai launin toka, da filasko, da garin magani a ƙullin tsumma ko a kwalba, kuma mai sayarwa yakan karya saiwa ya shinshina ko ya ɗanɗana kafin ya karɓe ta daga hannun wanda ya kawo. Hanyoyin sarrafawa su ma suna da sunayensu: jiƙo shi ne abin da aka bari a ruwa ya tsumu, dauri shi ne ruwan magani da ake ba jarirai, sirace kuma shi ne shaƙar tururin ganye a ƙarƙashin mayafi. Tsofaffin masu sana'ar suna da ƙa'idojin ɗiba, waɗanda suka haɗa da sassaƙar itace ta ɓangaren gabas da yamma kawai ba tare da an zagaye shi ba, da barin uwar saiwa a ƙasa, kuma ko da an danganta wasu daga cikin ƙa'idojin da asiri, amfaninsu a fili shi ne itacen yana rayuwa ya sake bayarwa.

Shekarun yunwa su ne suka fi nuna darajar wannan ilimi. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, da ta 1931, wadda fara ta haddasa a ƙasar Zabarmawa har ta kwararo da dubban mutane zuwa Yamai, da kuma farin 1973 da na 1984, jama'a sun koma ga daji domin neman abin da zai riƙe rai. 'Ya'yan anza suna da ɗaci da guba, amma idan aka ɓare su aka jiƙa na kwanaki ana sauya ruwa, sukan zama dilo, wanda ake dafawa kamar wake. An sussuka ƙarangiya an fitar da ƙwayarta an yi tuwo, an dafa ganyen jiga da na yaɗiya, an tono tushen bado a tafkuna. Duk wannan aiki ne da ke bukatar sanin wurin da tsiro yake da lokacin nunarsa da hanyar kashe gubarsa, kuma mata ne suka fi riƙe shi suna koya wa 'ya'yansu. A yau wasu daga cikin waɗannan ganyaye sun zama abincin marmari a birni, inda ake sayar da kwaɗon tafasa da na yaɗiya tare da na zogale, wanda shi shuka shi ake yi a lambunan bakin kogi.

Rubuta wannan ilimi ya zo ne daga baya. Likita ɗan Sikotilan, John McEwen Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. A Nijar, Bernard Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirran ƙasar da harsunan gida a shekarun 1970, kuma a 1980 wata tawagar masana ƙarƙashin Édouard Adjanohoun ta wallafa bincike kan magungunan gargajiyar Nijar bayan tattaunawa da masu magani. Malaman Jami'ar Abdou Moumouni, irin su Farfesa Mahamane Saadou, sun ci gaba da nazarin tsirran ƙasar da mazauninsu. Waɗannan ayyuka sun adana sunaye da amfani masu yawa, amma tushensu duka bakin manoma ne da makiyaya da masu magani, waɗanda galibi ba a rubuta sunayensu ba.

Babban sauyi ya zo ne da bunƙasar birnin. Yamai, wadda mazaunanta ba su wuce 'yan dubbai ba a 1930, ta kai wajen mutum 30,000 a lokacin samun 'yancin kai a 1960, ta kuma haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. Gidaje sun cinye jigawar da ake tsinkar tafasa, gonakin shinkafa na zamani a Saga da Kirkisoye sun maye gurbin fadamun burgu, bukatar itacen girki kuma ta aike da manyan motoci zuwa fako mai nisa. Fari ya ƙara tsananta lamarin, har kogin ya daina gudu a Yamai a watan Yuni na 1985, daga baya kuma wata baƙuwar ciyawar ruwa mai asali daga Kudancin Amurka ta mamaye sassansa tana danne tsirran gida. Hukuma ta ɗauki matakai a lokuta daban-daban: dokar daji ta mulkin mallaka ta 1935 da ta Nijar ta 1974 sun hana sare wasu itatuwa, an fara dasa shingen dogon yaro a kewayen birnin a 1965, a farkon shekarun 1990 aka kafa kasuwannin itace na karkara domin ƙauyuka su riƙa kula da dajinsu, sannan aka sabunta dokar daji a 2004. Sai dai waɗannan matakai sun fi karkata ga itacen girki da na gini, ba su cika duban saiwa da sassaƙe da ganye ba.

Sakamakon haka shi ne tazara tsakanin mai sayar da magani da dajin da maganin ke fitowa ta ƙaru ƙwarai. Kayan da a da ake samu a tafiyar yini guda yanzu daga yankunan Say da Torodi da Gaya ake kawo su, wasu ma daga Benin da Burkina Faso, kuma rashin tsaron da ya addabi yammacin ƙasar a shekarun baya-bayan nan ya sa shiga wasu dazuzzukan ya zama kasada. Mai magani da ke saye daga hannun dillali yana iya sanin sunan saiwa da amfaninta, amma ba lallai ne ya taɓa ganin itacenta a tsaye ba, mai tonowa domin kuɗi kuma ba shi da dalilin barin uwar saiwa a ƙasa. Abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, na barin kututturen itatuwa su sake tofowa a gonaki har miliyoyin kadada suka farfaɗo, ya nuna cewa daji yana dawowa idan mai ƙasa ya ga amfaninsa a kai. Domin haka ya wajaba masu bincike su rubuta ilimin mazaunin tsirrai daga bakin tsofaffin Zongo da na ƙauyukan kogi tun suna raye, tare da sunayen masu ilimin, kuma hukumomin birni su keɓe ragowar fadamu da fako na kusa da Yamai, inda masu koyon sana'ar za su ga tsiro a mazauninsa kafin su sayar da shi a kasuwa.