Yadda Farkon Fim Ya Koyi Tsinka Zuciya

A gidajen silima na Amurka, har zuwa shekarun 1950, sau da yawa mai haska fim ba ya buɗe labule sai sunaye sun gama wucewa. Farkon fim a lokacin jerin sunaye ne kawai: kamfani, 'yan wasa, darakta. Jama'a na ta laluben kujera, babu mai ɗaga kai.

Saul Bass, wani mai zane haifaffen New York, shi ya karya wannan al'ada. A 1955 ya yi wa fim ɗin Otto Preminger, The Man with the Golden Arm, zanen wani karkataccen hannu, alamar mutumin da ƙwaya ta cinye. Aka haɗa gwangwanayen fim ɗin da takardar umarni ga masu haskawa: a ja labule kafin sunaye su fito. Daga nan Alfred Hitchcock ya ɗauke shi aiki. A Psycho na 1960 layuka ne kawai ke kutsowa cikin baƙin allo suna tsattsaga sunayen 'yan wasa, kiɗan gogen Bernard Herrmann na bin su a guje. Ba a ga wuƙa ba, ba a ga jini ba, amma gaban mai kallo ya riga ya faɗi. Hitchcock ma cewa ya yi duk wanda ya makara kada a bar shi ya shiga.

Ni dai a wurina, gwanin gwanaye a wannan fage Orson Welles ne, a Touch of Evil na 1958. Abu na farko da ido ke gani hannu ne yana murɗa agogon bam. Mai bam ɗin ya ruga ya jefa shi a but ɗin wata mota, wani attajiri da budurwarsa suka shiga, aka tayar. Kyamara ta yi sama, ta bi motar cikin wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka, fiye da minti 3 ba a yanke ɗauka ba ko sau ɗaya. Ɗan sanda ya tsayar da motar, masu tura amalanke suka tare hanya, har awaki suka gifta. Ga Charlton Heston da Janet Leigh, ango da amarya, suna tafe a ƙasa suna hira, motar ta wuce su, su cim mata, ta sake wuce su. A shingen kan iyaka budurwar ta yi ƙorafin tana jin wani ƙas-ƙas a kanta, babu wanda ya kula ta. Kai da ka ga an dasa bam ɗin, kai kaɗai ke ƙirga daƙiƙu.

Masu koyon sana'ar kan ɗauka ɓoye wa mai kallo komai shi ne gwaninta. Welles akasin haka ya yi: ya ba ka sirrin tun daga daƙiƙar farko, ya hana mutanen cikin allo, ya bar ka da zullumi ba ka da bakin yi musu gargaɗi.

Kamfanin Universal, mai fim ɗin, bai ga abin haka ba. Suka lafta sunaye a kan wannan ɗauka, suka ɗora kiɗan Henry Mancini. Welles ya rubuta musu wasiƙa mai shafi 58 yana roƙon gyare-gyare, suka yi biris da mafi yawanta. Ya mutu a 1985. Sai a 1998 Walter Murch ya sake tace fim ɗin bisa wasiƙar, aka kwashe sunayen, aka mayar da hayaniyar titi da kaɗe-kaɗen da ke fitowa daga mashaya da rediyon motoci.