Ƙofar da Ba a Ɗaukaka Ƙara a Kanta: Ƙalubalantar Takardun Haƙƙin Ƙirƙira a Gaban Hukuma a Amurka, 2012–2025

Tsakure

Maƙalar ta nazarci tsarin da Amurka ta kafa a 2011, wanda ya ba mutum damar neman ofishin rajistar ƙirƙira ya soke takardar da shi kansa ya bayar, ba tare da an je kotu ba. An dogara da nassin dokar, da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, da shari'u biyu na fasahar zamani. An gano cewa tsarin yana da tushe mai ƙarfi, amma nauyinsa ya tattara a mataki ɗaya, wato amincewa ko ƙin buɗe bita, wanda ke hannun shugaban ofishin kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

1.0 Gabatarwa

Takardar haƙƙin ƙirƙira tana ba mai ita ikon hana wasu ƙera abin da ya ƙago, ko sayar da shi, ko amfani da shi, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Sharaɗin shi ne abin ya zama sabo, kuma ba irin wanda gwanin fannin zai hango cikin sauƙi ba. Wanda ke tabbatar da haka ma'aikaci ne guda mai tarin fayil a gabansa. A maƙalarsa ta 2001, Farfesa Mark Lemley ya ƙiyasta cewa mai tantancewa kan ɓatar da kimanin awa 18 a kan kowace buƙata. Bai ɗauki hakan a matsayin sakaci ba. A ganinsa, tunda mafi yawan takardun ba a taɓa yin rigima a kansu, ya fi dacewa a tanadi zurfin bincike domin 'yan kaɗan da suka zama abin jayayya.

Idan an karɓi wannan hujja, dole a samar da wurin dubawa ta biyu. Buƙatar ta fi tsanani a manhajar kwamfuta da kayan lantarki, inda ilimin da ya gabata yake warwatse cikin littattafan jagorar na'ura, da takardun taron injiniyoyi, da tsofaffin shafukan intanet da mai tantancewa ba zai taɓa cin karo da su ba.

2.0 Yadda Tsarin Yake

Shugaba Obama ya sanya hannu a dokar garambawul ga harkar ƙirƙira ranar 16 ga Satumba, 2011. Bayan shekara guda aka fara bitar da ɓangarori biyu ke fafatawa a cikinta, wadda lauyoyi ke kira IPR. Ana yin ta a gaban hukumar PTAB da ke cikin ofishin, inda alƙalan hukuma aƙalla uku, masu ilimin shari'a da na kimiyya, ke zama a kan kowace ƙara.

Dokar ta taƙaita filin. Mai ƙorafi ba zai kawo komai ba sai hujjar cewa abin ba sabo ba ne ko a bayyane yake, kuma daga tsofaffin takardun ƙirƙira ko abin da aka wallafa kaɗai. Wanda aka kai ƙara kotu yana da shekara ɗaya ya shigar da ƙorafinsa. Idan an buɗe bita, hukunci zai fito cikin wata 12, ana iya ƙara wata shida da dalili. Wanda ya kai ga hukunci kuma ya sha kaye ba zai sake tayar da wannan hujja a kotu ba, har da wadda ya kamata ya kawo bai kawo ba.

Babban abin da ke jan kamfanoni zuwa nan shi ne ma'aunin hujja. A kotu ana ɗaukar takardar ingantacciya ce, kuma a shari'ar Microsoft da i4i ta 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa sai da hujja bayyananniya mai gamsarwa ake rushe ta. A gaban PTAB rinjayen hujja ya wadatar. Shekarun farko an soke da'awowi da yawa na takardun ƙirƙira, har Randall Rader, babban alƙalin kotun ɗaukaka ƙara mai kula da wannan fanni a lokacin, ya kamanta alƙalan hukumar da gungun makasa a 2013.

Kotun Ƙoli ba ta bi wannan ra'ayi ba. A shari'ar Oil States ta 2018, alƙalai bakwai cikin tara suka ce takardar ƙirƙira izini ne da gwamnati ke bayarwa, don haka hukumar da ta bayar tana iya sake dubawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A shari'ar Arthrex ta 2021 kuma kotun ta ga aibi a yadda alƙalan hukumar ke yanke hukuncin ƙarshe babu mai duba su, sai ta ba shugaban ofishin ikon bitar hukuncinsu. Akwai wasu hukunce-hukunce biyu da suka fi waɗannan tasiri a aikace: Cuozzo a 2016 da Thryv a 2020, inda aka tabbatar cewa shawarar buɗe bita ba abar ɗaukaka ƙara ba ce.

3.0 Shari'ar Fodkas

Kamfanin Personal Audio ya riƙe takarda mai lamba 8,112,504, ya kuma yi iƙirarin cewa ta shafi yadda ake rarraba shirye-shiryen sauraro kashi-kashi ta intanet, wato fodkas. Ya aika wa masu shirya fodkas wasiƙun neman kuɗi, ya kai wasu kotu, ciki har da ɗan barkwanci Adam Carolla. A 2014 masu taimaka wa alƙali a jihar Teksas suka ce tashar CBS ta biya kamfanin dala miliyan 1.3.

Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF ba ta cikin waɗanda aka kai ƙara, saboda haka ba ta da hurumin shigar da ƙara a kotun tarayya. Sai ta tara gudummawa daga jama'a ta shigar da ƙorafi gaban PTAB a Oktoban 2013. Hujjarta tsofaffin rubuce-rubuce ne na tsakiyar shekarun 1990: bayanin wani gwaji na ajiye labaran CNN a intanet, da rahoton yadda gidan rediyon Kanada, CBC, ya riƙa ɗora shirinsa na kimiyya, Quirks & Quarks, domin masu sauraro su sauke. A Afrilun 2015 hukumar ta soke da'awowin da aka ƙalubalanta, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017.

Abin lura shi ne ƙaramin mai shirya fodkas da wasiƙa ta iske ba shi da kuɗin shari'ar shekaru, biyan abin da aka nema ya fi masa sauƙi. Da babu wannan ƙofa, takardar da bai kamata a bayar ba tun farko za ta ci gaba da tatsar mutane har wa'adinta ya cika.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Dokar ta ce ba a buɗe bita sai an ga yiwuwar mai ƙorafi ya yi nasara a kan aƙalla da'awa ɗaya. Ba ta ce dole a buɗe idan an cika sharaɗin ba. Ta wannan giɓi ofishin ya gina ikon ƙin karɓar ƙorafi ko da hujjarsa na da ƙarfi. A 2020, zamanin shugabancin Andrei Iancu, hukuncin PTAB a rigimar Apple da Fintiv ya jero abubuwa shida da za a auna idan akwai shari'a a kotu kan takardar, mafi nauyinsu kusancin ranar da kotu ta sa.

Dalilin yana da ma'ana. Babu adalci a sa mai ƙirƙira, musamman ƙarami, ya kare takarda ɗaya a wuri biyu lokaci guda, kuma an ga manyan kamfanoni na jero ƙorafe-ƙorafe a kan takarda guda har mai ita ya gaji. Sai dai ranar shari'a alkawari ce da kan sauya, kuma mai ƙara ne ke zaɓen kotu. Wanda ya kai ƙararsa kotun da ke sa rana da wuri, kamar ta garin Wako a Teksas, ya rufe wa abokin hamayyarsa ƙofar hukuma, ko da yana cikin shekara ɗayar da majalisa ta ba shi.

Rigimar kamfanin VLSI, wanda ya kai Intel ƙara a Wako, ta nuna inda wannan ke kaiwa. An ƙi karɓar ƙorafe-ƙorafen Intel saboda shari'ar Wako ta kusa, ba don raunin hujja ba. A Maris 2021 aka yanke cewa Intel ya biya dala biliyan 2.18 kan takardu biyu. Bayan hukuncin sai wasu sababbin kamfanoni biyu, OpenSky da Patent Quality Assurance, suka kwafi ƙorafin Intel kusan kalma da kalma suka shigar, aka kuwa buɗe musu bita. A Oktoban 2022 shugabar ofishin, Kathi Vidal, ta samu OpenSky da laifin cin zarafin tsarin, domin ya nemi kuɗi daga ɓangarorin biyu. Duk da haka bitar ta ci gaba tare da Intel, wanda ya shigo ciki, kuma a 2023 PTAB ta ce da'awowin takardun biyu ba su inganta ba. Hujjar da aka ƙi saurara daga bakin wanda abin ya shafa ita ce aka saurara daga bakin ɗan kasada, bayan an kashe dukiya a kotu. VLSI ma bai tsira da komai ba, domin ya kare kansa sau biyu, abin da aka ce ana guje masa.

Daga nan manufar ta riƙa juyawa da sauyin shugabanci. Vidal ta sassauta ƙa'idar Fintiv da wata takardar umarni a Yunin 2022. A Fabrairun 2025 aka janye umarnin, daga baya muƙaddashiyar shugaba Coke Morgan Stewart ta karɓi matakin ƙin karɓar ƙorafi a hannunta, ta kuma fara ƙin ƙorafi bisa dalilin cewa takardar ta daɗe tana aiki ba a taɓa ta ba. A Oktoban shekarar sabon shugaba John Squires ya sanar cewa shi zai riƙa yanke shawarar buɗe bita. Kamfanonin Apple, Cisco, Google da Intel sun kai ƙara kan ƙa'idar Fintiv tun 2020, amma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za ta duba ainihin ƙa'idar ba, sai dai batun ko an bi hanyar da ta dace wajen kafa ta.

Dalilin daɗewa ya fi damun mai wannan nazari. A fannin fasaha, sau da yawa takarda kan kwanta shekaru, a sayar da ita hannu zuwa hannu, sai kasuwa ta bunƙasa a fito da ita. Kafin wasiƙa ta zo, babu wanda ke da dalilin kashe kuɗi ya ƙalubalance ta. Tsufa ba ya mai da abin da aka riga aka sani ya zama sabo.

5.0 Abin da Ya Kamata a Gyara

Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai yana karɓar adawa cikin wata tara da bayar da takarda, kuma duk adawar da ta cika sharuɗɗa sai an duba ta, ana kuma ɗaukaka ƙara. Wa'adin gajere ne, amma kowa ya san matsayinsa. Nijeriya na can ɗaya gefen: dokar 1970 ba ta tanadi binciken sabuntar ƙirƙira kafin rajista ba, soke takarda kuma sai a Babbar Kotun Tarayya. Duk ƙasar da ke tunanin kafa bita ta hukuma tana da darasi a abin da ya faru a Amurka.

Majalisar dokokin Amurka ce ya kamata ta rubuta dalilan ƙin buɗe bita a cikin doka, ta iyakance yawan ƙorafin da ɓangare ɗaya da abokan hulɗarsa za su shigar, ta tilasta bayyana masu ɗaukar nauyin kowane ƙorafi, ta kuma ba kotu damar duba ko an bi waɗannan dalilai. Ƙudurin PREVAIL da Sanata Chris Coons da Sanata Thom Tillis suka gabatar a 2023 ya kama hanyar mayar da maganar gaban majalisa, kuma hakan daidai ne. Sai dai a siffarsa ta farko ya nemi a ɗaga ma'aunin hujja zuwa na kotu, a kuma taƙaita ƙorafi ga wanda aka kai ƙara ko aka yi wa barazana. Sharaɗi na biyun zai kori irin OpenSky, amma tare da shi zai kori irin EFF, alhali tilasta bayyana mai ɗaukar nauyi da tara mai tsanani sun isa maganin na farkon.