3.2 Ra'ayin Riƙau a Musulunci da Kiristanci da Matsayin Sashe na 10 na Tsarin Mulkin Nijeriya

Wannan sashe zai dubi yadda masu ra'ayin riƙau na addinan biyu suka tunkari tsarin gwamnatin da ba ruwanta da addini, tun daga shekarar 1977. Sau da yawa akan ɗauka cewa Musulmi ne kawai ke adawa da wannan tsari, su kuwa Kirista masu kare shi ne. Tarihi bai goyi bayan wannan zato gaba ɗayansa ba.

An fara jan daga ne a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta. Wakilai Musulmi sun nemi a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, wakilai Kirista suka ƙi. A watan Afrilu na 1978 Musulmin suka fice daga zauren, sai da Janar Obasanjo ya sa baki. Daga ƙarshe aka bar wa jihohi damar kafa irin wannan kotu, aka kuma samar da sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Abin lura shi ne, sashen bai fayyace iyakar hulɗar gwamnati da addini ba, shi ya sa kowane ɓangare ke fassara shi yadda ya dace da buƙatarsa.

Masu ra'ayin riƙau na ɓangaren Musulmi doka suka fi nema. Wannan ya fito fili a ranar 27 ga Oktoba, 1999, lokacin da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, har jihohin da suka ɗauke ta suka kai 12. Hujjarsu ita ce, zaɓaɓɓun majalisu ne suka yi dokar, don haka dimokuraɗiyya ce ta haife ta. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta amsa tambayar marasa rinjaye ba, kamar yadda rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ya nuna.

Su kuwa takwarorinsu Kirista, ba su da kundin doka irin na fiƙihu da za su nemi a aiwatar, saboda haka hankalinsu ya fi karkata ga kujerar mulki da alamomin ƙasa. Ƙungiyar CAN, wadda aka kafa a 1976, ta yi amfani da sashe na 10 wajen yaƙar shigar Nijeriya ƙungiyar OIC a 1986, da kuma bankin Musulunci a 2011. Amma ba a ji irin wannan ƙorafi ba da aka kafa hukumar kai Kirista ziyarar ibada da kuɗin gwamnati a 2007, shekara guda bayan kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Inda Kirista ke da cikakken rinjaye kuwa, abin yakan wuce haka: a Zambiya, Shugaba Chiluba ya ayyana ƙasar a matsayin ta Kirista a 1991, aka kuma sa hakan a gabatarwar tsarin mulki a 1996.

Bugu da ƙari, akwai inda ɓangarorin biyu ke haɗa baki, kuma a nan ne sashe na 10 ya fi zama maraya. Alal misali, a watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita damammaki tsakanin maza da mata da Sanata Biodun Olujimi ta gabatar. Sanatoci Musulmi da Kirista ne suka kafa hujja da addini, musamman kan batun gado, ƙudurin kuwa bai tsallake karatu na biyu ba.