Katsewa ta Sauyin Ƙafa a Ƙaramar Ƙwaƙwalwar Lantarki

Katsewa ta sauyin ƙafa hikima ce da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki take dakatar da aikin da ke gabanta nan take idan ƙarfin wuta ya sauya a ɗaya daga cikin ƙafafunta, ta biya buƙatar wanda ya danna maɓallin da ke haɗe da ƙafar, sa'an nan ta koma inda ta tsaya. A ATmega328P, wadda ke cikin allon Arduino Uno, ƙafafu 23 ne ke da wannan baiwa, an kasa su rukuni uku. Ana buɗe rukuni da rajistar PCICR, a zaɓi ƙafa da PCMSK.

Sai dai akwai sharaɗi, domin kuwa rukuni guda kira guda yake yi, ko an danna ko an saki, saboda haka wajibi ne manhaja ta karanta ƙafafun, ta gwada da halinsu na baya, ta kuma yi haƙurin 'yan dubunnan kason daƙiƙa har rawar ƙarfen maɓalli ta lafa. Fa'idarta babba ce ga mai ƙera makunnin famfon ban-ruwa irin na Jiratawa, kusa da Maraɗi, tun da na'urar tana iya barci, ta tattala batir, har sai an taɓa ta.