Daga Filin Ƙanƙara Zuwa Iyakar Jibiya: Tarihin Faɗa da Rufin Asiri

A watan Nuwamba na 2009 wani matashi mai suna Brendan Burke, ɗan babban manajan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Toronto Maple Leafs, ya shaida wa duniya cewa maza yake sha'awa, mahaifinsa kuma ya tsaya masa. Bayan wata uku ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 21. A 2012 yayansa Patrick da wasu abokai suka kafa ƙungiyar You Can Play, wadda ke kira da a auna ɗan wasa da iyawarsa kawai. Sai a Yulin 2021 aka sami ɗan wasa na farko mai kwantiragi da ƙungiyar gasar NHL da ya yi irin wannan furuci, wato Luke Prokop. A can, gwagwarmayar duk ta rataya ne a kan buɗe baki.

A ƙasar Hausa al'amarin ya bi wata hanya dabam. 'Yan daudu, maza masu ɗabi'un mata a magana da tafiya, sun daɗe a bainar jama'a: suna sayar da abinci a tashoshin mota, suna hidimar biki, suna zama a gidajen mata masu zaman kansu, wasunsu kuma suna da alaƙa da bori. Da yawansu na da aure da 'ya'ya, kuma daudanci a kan kansa ba ya nufin neman maza. Waɗanda ke neman mazan suna kiran junansu "masu harka", da wani zaurance nasu, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009 bayan bincike a Kano. Malamai suna tir da abin, jama'a suna yi masa dariya ko tsaki, amma kunya da rufin asiri sun bar wata 'yar kafa ta zama: muddin ba a furta ba, ba a tona ba.

Kafar ta fara toshewa a 2000. Zamfara ta soma aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairu, Katsina da Kano suka biyo baya a cikin shekarar. Aka rufe mashaya da gidajen karuwai, inda 'yan daudu da dama ke samun abin sa wa a baka. Iyakar Jibiya ta zama ƙofar fita: mata masu zaman kansu da masu sayar da giya suka tsallaka zuwa Firji, a ɓangaren Nijar kan hanyar Maraɗi, masu neman nishaɗi daga Najeriya suka riƙa bin su. Can ɗin ma ba tudun mun tsira ba ne, domin a Nuwamban shekarar masu zanga-zangar adawa da bikin nunin kayan ado na FIMA sun ƙona mashaya da gidajen mata a Maraɗi.

A 2004 Bisi Alimi ya faɗi nasa halin a wani shirin talabijin na NTA, kuma a 2007 ya bar ƙasar saboda barazana. A Agustan 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 ga masu ƙungiyoyin da ke mara masa baya.

Furucin da ya jawo wa Prokop saƙonnin goyon baya daga shugabannin gasarsa, a Katsina shaida ce da za a iya karantawa a gaban alƙali. Shirun da ya daɗe yana kare ɗan daudu a tasha ma ya rage ƙarfi, tun da wayar hannu ta sa hoton biki ɗaya na iya zagaye gari kafin gari ya waye.