Yaƙin Hitila Da Kan Iyakarmu Ta Illo



Idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, hankalin mafi yawanmu kan tafi Turai ko Bama. To amma daga 1940 zuwa 1942, iyakar nan tamu ta Illo da Lolo da Tsamiya ta kasance tsakanin gwamnatoci biyu masu gaba da juna, kuma shigar Amurka yaƙin ce ta kawo ƙarshen wannan hali.

Asalin iyakar dai yarjejeniyar 1898 ce, wadda ta bar Illo a hannun Ingila, ta bar Dahome, watau Jamhuriyar Benin ta yau, a hannun Faransa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, Turawan biyu bakinsu ɗaya. Amma a watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa, aka kafa gwamnatin Bishi a ƙarƙashin Mashal Petain, wadda ta bi Hitila. Gwamna Janar Boisson da ke Dakar ya yi mata mubaya'a, saboda haka Dahome da Nijar suka zama nata. Ingila da Janar Digol sun kai wa Dakar hari a watan Satumba 1940, ba su yi nasara ba.

Daga nan Ingila ta hana ciniki da ƙasashen Bishi. Talakan bakin iyaka shi ya ji a jikinsa, domin Dandawa da Hausawa da Fulanin Illo da na Gaya da Madekali dangin juna ne, kasuwa ta haɗa su, aure ya haɗa su, hanyar fataken goro ma ta nan ta ratsa. Faɗan da ba su san mafarinsa ba ya mayar da ziyarar ɗan uwa abin tuhuma.

Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor, bayan kwana huɗu Hitila da kansa ya ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka. Ashe tsautsayi ne ya ja shi, don ya tsokano ƙasar da masana'antunta suka fi ƙarfin na Jamus nesa ba kusa ba. Jiragen samanta suka riƙa bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Ranar 8 ga Nuwamba 1942 sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya. Kafin watan ya ƙare Boisson ya ga uwar bari, ya koma ɓangaren Ƙawance. Ta haka gabar da ke tsakanin tsallaken Dahome da namu ta kau ba tare da an gwabza a ƙasarmu ba.

Daga nan Jamus ta shiga ja da baya. A watan Mayu 1943 rundunarta ta miƙa wuya a Tunisiya, Rasha ta taso ta daga gabas bayan Stalingrad, Amurka da Ingila suka sauka a Nomandi ranar 6 ga Yuni 1944. Ranar 8 ga Mayu 1945 aka yi shelar faɗuwar Jamus.

Jama'a, abin lura shi ne, shawarar da aka yanke a Balin da Washinton ita ta rufe hanyar kasuwarmu, ita kuma ta buɗe ta. Mun sake ɗanɗana irin wannan a 2019, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta fiye da shekara guda. Dattawan da suka ga zamanin Hitila sun kusa ƙarewa. Ya kamata ƙungiyarmu ta tura ɗalibai Illo da Lolo da Ka'oje su rubuta abin da ya rage a bakin tsofaffi tun kafin a rasa shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.